Daga Luru Zuwa Jakar Barci: Tarihin Faɗan Ɗan Adam da Ɗari

   

Duk wanda ya yi kwana a ɗakunan kwananmu na makaranta ba sai an yi masa bayanin ɗari ba. Ku tuna watan Janairu, gadon ƙarfe, katifar da ta sha duniya har ta koma kamar tabarma, da bargo ɗaya tak. In ka ja shi ka rufe kai ƙafa ta fito, in ka rufe ƙafa kunne ya sha iska. Wasu su kwana da rigar makaranta biyu, wasu su shimfiɗa kwali a kan waya, wasu kuma su haɗa gado biyu su tara barguna. Da asuba in firfet ya buga ƙarfe, kowa ji yake kamar za a fitar da shi daga Aljanna.

Muna aji uku aka kai mu zangon 'yan sikawut a bakin fadama. Da dare ya yi, wani malaminmu Bature ya kwance wani ƙunshi daga bayan babur ɗinsa, ya warware, ya zura ƙafafu ciki, ya ja zif har wuya, ya tsuke igiya sai hanci kaɗai a waje. Muka yi ta ƙyaƙyata dariya a ɓoye. Wani ya ce malam ya shiga buhu, wani ya ce a'a, likkafani ne ya ɗinka wa kansa tun da rai. Kafin gari ya waye dariya ta koma kanmu, domin mu muka kwana muna kakkarwa a gindin wuta, shi kuwa sai munshari. Ranar na fara ganin abin da zan kira jakar barci. Tarihinta nake so mu duba, mu kuma gwada ta da abin da kakanninmu na Gobir suka tanada, don akwai abin da nake so in roƙe ku a ƙarshe.

Ɗarin ƙasarmu

Baƙo in ya ji an ce Sakkwato, zafi yake tunawa. Amma mu da muka tashi a Sabon Birni da Isa da ƙauyukan bakin gulbin Rima da Bunsuru mun san cewa daga Disamba zuwa Fabrairu wata duniya ce daban. Iskar hunturu tana kaɗowa daga arewa maso gabas, daga hamada, busasshiya ƙayau. Tun da babu girgije babu laima a sama, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere da dare. Shi ya sa da tsakar rana ka nemi inuwa, da asuba kuma ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 15, a fadama ma ya fi haka sauka. Bahaushe ya raba su da suna: sanyi na damina ne mai laima, ɗari kuwa na hunturu ne, mai fasa leɓe da dunduniya.

Kada a ɗauka wannan ƙaramin abu ne. A watan Disamba na 1823, Baturen nan Hugh Clapperton yana kan hanyarsa daga Barno zuwa Kano, ya rubuta cewa sun wayi gari ruwan da ke cikin ƙorensu ya yi ɓawon ƙanƙara, salkunansu sun sandare. Abokin tafiyarsa Dokta Oudney, wanda dama ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a watan Janairu na 1824 kusa da Katagum. Clapperton ya ci gaba shi kaɗai, ya ratsa dajin Gundumi da ke nan maƙwabtaka da mu, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a watan Maris na shekarar.

Abin da kakanni suka tanada

Malaminmu na kimiyya ya taɓa tambayarmu a aji: "Shin bargo yana da zafi?" Muka amsa baki ɗaya cewa yana da shi. Ya sa aka naɗe ma'aunin zafi cikin bargo har aka tashi darasi, aka buɗe, bai motsa ba. Ya ce, "To, kun gani. Murhun yana jikinku. Aikin bargo kawai ya tsare iska ta zauna wuri ɗaya kusa da fata, don iskar da ba ta motsi ba ta saurin ɗaukar zafi." Wannan magana ita ce kan gaba ɗayan tarihin nan. Duk wani mayafi, daga gwadon kakata har jakar masu hawan duwatsun ƙanƙara, tarkon iska ne.

Kakanninmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun yi aiki da shi. Dubi luru da gwado. Mata su gurje auduga, su shiɓe ta, su kaɗa ta da mazari. Zaren tsaye ana murɗe shi sosai don ƙarfi, amma abawa, wato zaren kwance, mai kauri ce mai sakwa-sakwa. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri mai tsawo, a yanka a jera a ɗinke gefe da gefe. Kaurin abawar nan da rashin matsewarta su ke riƙe iska. Wanda ke da hali kuma yakan sayi bargon ulu na Fulanin Masina, can ƙasar Mali ta yau, wanda su ke kira kaasa, da fatake ke kawowa kasuwannin ƙasar Hausa. Sana'ar ba ƙarama ba ce. Heinrich Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Sai maganar shimfiɗa. Kakata takan ce mana da harshenta na Gobir, "Ɗiyana, ɗari daƙ ƙasa shi ka tasowa." Gaskiya ta faɗa. Ƙasa tana tsotse zafin jiki fiye da yadda iska ke yi. Saboda haka aka yi gadon kara, wanda ke ɗaga mutum sama, ga kuma ɓargon kara cike da iska. Aka yi gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi, musamman don tsofaffi da masu jego. Matafiyi kuwa, ko falke mai zuwa Gwanja sayen goro, ko Buzun ayarin gishirin Bilma, ko almajiri mai ci-rani, ba ya rabuwa da buzunsa. Da rana ya yi salla a kai, da dare ya kwanta a kan gashin, ya ƙudundune cikin gwado, kayansa su tare masa iska.

Lifidin Gobir

Akwai wata fasaha tamu da ba don barci aka yi ta ba, amma ita ta fi kusa da jakar barci ta zamani: lifidi. Kowa ya san Gobir ƙasar yaƙi ce, tun zamanin Alƙalawa da Bawa Jan Gwarzo, har bayan faɗuwar birnin a 1808, da kafa Tsibiri, da kafa Sabon Birni da Ɗan Halima ya yi a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. 'Yan lifidi na cikin rundunar da Sarkin Gobir Yunfa ya fito da ita a Tabkin Kwatto a 1804.

Yaya ake yin lifidi? A samu ƙyalle biyu, a cusa auduga ko audugar rimi tsakaninsu, sannan a bi da ɗinki layi-layi a raba cikin gida-gida. In ba a yi wannan ɗinkin ba, da doki ya yi sukuwa duk audugar za ta gangaro ƙasa ta bar kafaɗa fayau. Ku riƙe wannan dabara, za mu sake gamuwa da ita a Turai. Ku kuma riƙe aibinsa: lifidi yana tare kibiya, amma ba ya jure wuta, shi ya sa maharba kan harbe shi da kibiya mai wuta.

Yadda Turawa suka ɗinke bargo

Mutanen ƙasashen ƙanƙara na can ƙuryar arewa sun daɗe suna kwana cikin fatun dabbobi. Amma jakar barci a matsayin hajar kasuwa ta fara ne a ƙasar Birtaniya. A 1876 wani ɗan kasuwa mai suna Pryce Pryce-Jones, mutumin garin Newtown a yankin Wales, ya yi rajistar wani abu da ya kira Euklisia Rug. Bargon ulu ne da ake ninkewa a ɗaure gefensa, da aljihu a wajen kai inda ake sa matashin roba da ake hurawa. Sojan Rasha suka yi odar guda 60,000 lokacin yaƙinsu da Daular Usmaniyya. Da garin Plevna ya faɗi a 1877 aka soke sauran odar, aka bar shi da guda 17,000, ya shiga tallarsu ga masu taimakon talakawa. Abin lura a nan shi ne, tun ranar farko jakar barci kayan soja ce kuma kayan marasa ɗaki.

Me ɗinke bargo ya ƙara? Ya toshe ƙofofin da iska ke shiga. Mai bargo duk juyin da ya yi sai iska mai ɗumi ta fice, mai sanyi ta maye gurbinta, jiki ya sake aikin ɗumama ta. Wannan shi ne abin da ya hana mu barci a makaranta.

A 1888 Fridtjof Nansen, mutumin Norwe, ya ja tawagar mutum 6 suka ƙetare ƙanƙarar tsibirin Girinlan da ƙafa, abin da ba a taɓa yi ba kafin su. Biyu daga cikinsu 'yan ƙabilar Sami ne, makiyayan wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara. Da fatar wannan barewa aka ɗinka masu jaka biyu, kowace mutum uku. Gashin dabbar rami ne da shi a ciki kamar kara, cike da iska. Kwanan mutum uku a jaka ɗaya kuwa ai shi ne haɗa gadon da muka yi a ɗakin kwana, sai dai su sanyin da suka fuskanta ya wuce digiri 40 ƙasa da sifiri.

Darasin gumi

Fata tana da nata aibi, kuma an gane shi da wahala. A tsakiyar 1911, mutum uku daga tawagar Kyaftin Scott a Antatika, wato Wilson da Bowers da Cherry-Garrard, suka yi tafiyar mako biyar cikin duhun hunturun can don ɗebo ƙwan wani tsuntsu saboda bincike. Sanyi ya kai digiri 60 ƙasa da sifiri. Gumin jikinsu da tururin numfashinsu suka riƙa shiga gashin jakunkunan suna daskarewa. Jakar Cherry-Garrard da ta fara da nauyin kusan kilo 8 ta dawo tana kusan kilo 20, duk ƙarin ƙanƙara ne. Kowane dare sai sun daɗe suna fama kafin su narkar da hanyar shiga da zafin jikinsu.

Dalili kuwa a fili yake. Ruwa ya fi iska saurin ɗauke zafi kusan sau 25. Da zarar laima ta kori iskar da ke cikin mayafi, mayafin ya tashi daga aiki. Shi ya sa tsofaffinmu ke shanya gwado da hantsi, shi ya sa kuma mai jakar barci ba ya cusa baki da hanci a ciki.

Yadda ake gina ta a yau

Daga nan masu ɗinki suka karkata ga lallausan gashin da ke ƙarƙashin fuka-fukan agwagwa da dinya, wajen ƙirji. Babu wani abu na halitta da ya fi shi tara iska in an gwada da rashin nauyinsa, ga shi ana matse shi ya koma ɗan ƙunshi, a sake shi ya kumbura. Masu araha kuma aka riƙa cika su da audugar rimi, ita wannan dai da muke cusa wa matashi. Silinta ma rami ne da shi, ga santsi kamar an shafa kakin zuma, ba ta saurin jiƙa. Saboda haka ne aka daɗe ana cika rigunan ceton masu jirgin ruwa da ita.

Nan matsalar lifidi ta dawo: abin da aka cusa yana gangarewa. Maganin farko shi ne irin namu, a ɗinke ƙyallen sama da na ƙasa layi-layi. Amma a kan kowane layin ɗinki kauri ya zama babu, sanyi ya sami hanya. Sai aka ƙirƙiro sa ɗan siririn ƙyalle a tsaye tsakanin na sama da na ƙasa, kamar bangon da ke raba ɗakuna, kowane gida ya zama akwati mai kauri ɗaya ko'ina. Wasu kuma su yi ruɓi biyu, layin ɗinkin na ciki ya faɗa tsakiyar gidan na waje.

Sauran kayan sun zo ɗaya bayan ɗaya. Zif irin wanda muka sani Gideon Sundback ya yi masa rajista a Amurka a 1917. Nailan ya fito daga ɗakin binciken kamfanin DuPont a 1935, ya ba da ƙyalle marar nauyi mai tare iska. Zaren roba na foliyesta an gano shi a Ingila a 1941, daga baya aka yi audugar roba da shi, wadda ta fi gashin tsuntsu nauyi amma ko ta jiƙe tana ɗan riƙe ɗumi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojan Amurka suka yaɗa siffar nan mai faɗi a kafaɗa, tsukakkiya a ƙafa, mai hula a kai. Turawa da kansu sunan naɗaɗɗun gawarwakin Fir'aunonin Masar suka ba ta, ashe abokinmu mai maganar likkafani bai yi nisa da gaskiya ba. Hikimar tsukewar ita ce, ƙaramin ɗaki ya fi zaure saurin ɗumi. Da irin waɗannan jakunkuna masu gashin tsuntsu Edmund Hillary da Tenzing Norgay suka kwana a kafaɗar dutsen Everest kafin su taka ƙololuwarsa ranar 29 ga Mayu, 1953.

Ƙarshe aka zo ga awo. A da kowane kamfani yakan rubuta adadin sanyin da ya ga dama a jikin hajarsa. A 2002 ƙasashen Turai suka fitar da ƙa'idar gwaji, wadda ta zama ta duniya a 2016. Ana sa mutum-mutumi mai ɗumin lantarki a cikin jakar, a ɗakin sanyi, a auna zafin da ke tserewa. Ko a wannan gwajin sai an shimfiɗa masa abin kwanciya a ƙasa, domin nauyin jiki yana matse gashin da ke ƙarƙashin mai barci ya kore iskarsa. Bayan duk wannan bincike, an dawo kan maganar kakata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Mu dawo gida

'Yan'uwa, ga dalilin da ya sa na ɗauko wannan dogon labari. Luru da gwado sun ja baya tun da bargon kanti ya shigo. Masaƙun zamani da suka biyo baya, tun daga ta Kaduna da aka buɗe a 1957 har ta Gusau da yawancinmu muka sani, su ma akasarinsu sun rufe, aka koma ga gwanjo da bargon waje. Wannan asara ce, amma akwai wadda ta fi ta ciwo.

Tun daga wajen 2019, hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka da dama a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa. Ba mu manta da watan Mayu na 2020 ba, lokacin da aka kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. Dubun dubatar mutane daga wannan yanki da maƙwabtansa sun ƙetara jihar Maraɗi, wasu sun kwarara cikin garuruwa, suna kwana a azuzuwan makaranta da rumfunan kasuwa da kangaye. Wanda ya gudu da tsakar dare ba ya tsayawa ɗaukar bargo. Cikinsu akwai iyayen abokan karatunmu, akwai waɗanda suka ba mu fura lokacin da muke zuwa hutu gidajensu. Digiri 12 ba komai ba ne ga mai ɗaki da katifa. Ga jariri, ko tsoho mai tari, ko yaron da ya kwana da yunwa a kan siminti, yana iya zama ajali, don jikin da bai ci ba murhu ne da babu itace.

Ba sai mun yi odar gashin dinya daga Turai ba. Ɗarinmu bai kai nan ba. Abin da tarihin nan ya koyar guda huɗu ne, kuma kowane telan kasuwa zai iya aiki da su. Na ɗaya, a raba jiki da ƙasa, ko da tabarma biyu da kwali ko buhun da aka cika da ƙaiƙayi. Na biyu, a ninke bargo a ɗinke ƙasansa da gefe har wajen ƙugu, a bar sama a buɗe don mutum ya iya fita da sauri in an yi kururuwa. Na uku, in za a yi mai cushe, a sa auduga ko audugar rimi tsakanin ƙyalle biyu a ɗinke gida-gida irin na lifidi, a haɗa da hula. Na huɗu, a shanya shi kullum. Sai gargaɗi biyu: audugar rimi da ta roba duk abokan wuta ne, kada a kusantar da su ga kasko, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, don hayaƙinsa marar wari yana kisa cikin barci. Jarirai kuma ba a sa su cikin jakar manya.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a sa wannan magana cikin ajandar taronmu na gaba, tun kafin kaka ta wuce. Kowane aji ya ɗauki nauyin abin da zai iya, a ba telolin Isa da Sabon Birni aikin don kuɗin ya zauna a gida, a raba ta hannun masu unguwanni da limamai da suka san inda baƙin suke kwana. Cikinmu akwai likitoci da 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, kuma dukkanmu mun taɓa jan bargo ɗaya tsakanin kai da ƙafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya, Ya mayar da kowa ɗakinsa, Ya saka wa malamanmu da alheri.